Farauta da Karnuka a Katsina

A zamanin da, in an gama kwashe amfanin gona, sai samarin Katsina su yi gayyar farauta. Tun da asuba a kan buga gangi, su fita ta Ƙofar 'Yandaka, watau wadda Turawa suka shigo ta cikinta a 1903, su nufi wajen dajin Rugu, kowa janye da karensa.

Suna a ke nema, ba nama kaɗai ba. In zomo ya tashi sai a saki karnuka gaba ɗaya, wanda nasa ya riga kamawa shi ke da nama. Amma fa sai in ya iya tsare abinsa, gama ƙarfafa su kan zo ƙwace, har ta kai ga gora da barandami. Mai raggon kare kuwa sai duhu ya yi ya kan shigo gari.