Alamomin Jini da Hasashen Tsananin Nimoniya a Jikin Yara

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar yadda ake amfani da sinadaran CRP, prokalsitonin da laktet wajen hasashen tsananin nimoniya ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ta nuna cewa biyun farko sun fi nuna musabbabin cutar fiye da tsananinta, kuma maleriya tana rage musu amfani.

Gabatarwa

A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, nimoniya ta kashe yara 740,180 'yan ƙasa da shekara 5 a 2019, wato kashi 14 cikin ɗari na mace-macen wannan rukuni. UNICEF ta ƙiyasta mutuwar yara 162,000 a Nijeriya kaɗai a 2018. Ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibiti yana ƙirga numfashi ne: 50 ko fiye a minti ɗaya ga jariri mai wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga mai shekara 1 zuwa 5, alama ce ta saurin numfashi. Sannan ya ɗaga rigar yaron ya duba ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa idan ya ja iska. Waɗannan alamomi suna kama cutar, amma ba sa bambanta yaron da amoksisilin zai wadatar a gida da wanda jikinsa zai rikice kafin wayewar gari.

CRP da Prokalsitonin

Tillett da Francis ne suka gano CRP a 1930 a jinin masu nimoniya. Hanta ce ke fitar da shi, kuma yakan ɗauki kusan kwana biyu kafin ya kai ƙololuwa. Prokalsitonin ya fi shi saurin hawa, kuma bairos bai cika tayar da shi ba.

Binciken PERCH da aka gudanar a ƙasashe 7 tsakanin 2011 da 2014, har da Gambiya da Mali, ya samu CRP mai ma'aunin miligiram 40 a lita ko fiye a jinin kashi 77 cikin ɗari na yaran da aka tabbatar bakteriya ce ta kama su, amma kashi 17 kacal a masu bairos na RSV. Bambancin ba ƙarami ba ne. Sai dai tambayar da ya amsa ita ce "mene ne ya kawo cutar?", alhali likitan da ke tsaye kan yaron yana son sanin ko a ba shi gado. Da Florin da abokan aikinsa suka gwada wannan tambaya ta biyu a Cincinnati ta Amurka, rahotonsu na 2020 ya nuna cewa yawan fararen ƙwayoyin jini da CRP da prokalsitonin ba su iya rarrabe mai tsanani da mai sauƙi yadda ya kamata ba.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin cikas. Nazarin da aka yi a Manhisa ta Mozambik, wanda ya fito a 2010, ya nuna maleriya tana ɗaga sinadaran biyu. Ke nan a watan Agusta ko Satumba, lokacin da ɗakunan kwanciyar yara ke cika a Kano ko Maraɗi, hawan CRP ba ya tabbatar da komai sai an haɗa shi da gwajin maleriya.

Alamomin Lahanin Jiki

Laktet yana taruwa ne idan gaɓɓai ba sa samun isasshen oksijin. Bincike a Malawi da Yuganda ya danganta hawansa da haɗarin mutuwa, kuma ɗigon jini daga yatsa ya isa a auna shi da ƙaramar na'ura. A ganin marubucin, nan ya kamata bincike ya karkata, tare da sinadarai irin su sTREM-1 da Ang-2 da ake gwadawa yanzu, domin suna auna ɓarnar da cutar ta riga ta yi ne.

Duk da haka, asibitin da bai mallaki na'urar auna oksijin ta yatsa ba, ita ya kamata ya fara saya, tunda yaron da ma'auninsa ya sauka ƙasa da kashi 90 cikin ɗari yana buƙatar oksijin nan take, ko da sakamakon jini bai dawo daga ɗakin gwaji ba.