Yadda Turai ta kori dalma daga kayan lantarki, ta bar mata ƙofar baya

Idan muka koma zamanin da rediyo da talabijin mai ƙeya suke sarauta a ɗakunanmu, za mu tarar dalma ce gishirin sana'ar lantarki. Da ita ake liƙa kowace ƙafa a jikin allon na'ura. Haɗin da kowa ya amince da shi kashi 63 ne na kuza da kashi 37 na dalma. Yana narkewa a zafin digiri 183, ya kwanta lumui, ya daskare yana sheƙi, ga araha ga sauƙin aiki. Gilashin talabijin ɗin ma ɗauke yake da dalma mai yawa, don ta tare haskoki masu illa.

Tana da wani amfanin da ba kowa ya sani ba. A shekarun 1950 masu bincike na Bell Labs a Amurka suka gano cewa kuza zalla takan tsiro da siraran gashi na ƙarfe, su miƙe su haɗa wayoyi biyu, na'ura ta mutu. Da aka surka ta da 'yar dalma sai gashin ya lafa. Kusan shekara hamsin masana'antu suka miƙe ƙafa a kan wannan magani.

Sai dai dalma guba ce, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi yi wa ɓarna. Mu ba sai an ba mu labari ba, tunda a 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara. Ƙasashe sun fara cire ta daga fetur da fenti, Amurka kuma ta hana liƙa bututun ruwan sha da ita a 1986. Zuwa shekarun 1990 hankali ya koma kan tsofaffin kwamfutoci da ke cika juji. Kamfanonin Japan na cikin waɗanda suka fara gwada liƙi marar dalma, amma Tarayyar Turai ce ta mayar da abin doka. A Janairun 2003 ta zartar da dokar da ake kira RoHS, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2006, ta taƙaita abubuwa shida, dalma a cikinsu.

Daga nan gardamar fassara ta tashi. A 2005 aka tsayar da iyaka: kada dalma ta wuce kashi 0.1 cikin ɗari na nauyi. To, nauyin me? Da na'urar gaba ɗaya ake aunawa, da firji zai haɗiye dalmarsa cikin nauyin jikinsa ya wuce salin alin. Masu dokar sun toshe wannan kafa. Awon yana kan kowane abu guda da ba ya rabuwa ta hanyar yanka ko kankara ko kwancewa. Robar waya awonta daban, jan ƙarfen cikinta daban, shafen kuzar da ke ƙafar ɗan ƙaramin sashe ma daban. Ɗigon liƙi ɗaya ya isa ya hana kaya shiga kasuwar Turai. A ganina, wannan ƙa'ida ce ta ba dokar haƙora.

Maye gurbin bai zo da sauƙi ba. Haɗin kuza da azurfa da jan ƙarfe sai zafi ya kai wajen digiri 217 yake narkewa, ya fi tsada, kuma tsohon gashin nan ya dawo yana tsorata injiniyoyi. Ba su manta da tauraron ɗan'adam Galaxy IV ba, wanda ya lalace a 1998, aka ɗora wa gashin kuza wani kaso na laifin. Saboda haka aka rataya wa dokar jerin sassauci. An yarda da dalma har kashi 0.35 a baƙin ƙarfen da ake sassaƙawa da inji, kashi 0.4 a alminiyam, kashi 4 a haɗin jan ƙarfe. An kuma ƙyale liƙin da ke jure zafi mai tsanani, muddin dalmar cikinsa ta kai kashi 85 ko fiye. Nan ne abin mamaki: liƙi mai kashi 37 haramun, mai kashi 90 halal, domin na biyun ba a samo masa magaji mai aminci ba. Kayan soja da na sararin samaniya ba su shiga dokar ba tun farko, batir kuma dokarsa daban.

A 2011 aka sake ƙera dokar. Kayan asibiti suka shigo daga 2014, zuwa Yulin 2019 kuma ta game kusan duk abin da ke aiki da wuta, sai waɗanda aka ambata da suna aka ware. Kowane sassauci aka yanka masa wa'adi, har shekara biyar ga yawancin kaya, bakwai ga na asibiti da na awo. Mai son sabuntawa sai ya nema wata 18 kafin cikar wa'adin, kuma sassaucin yana nan daram har hukuma ta yanke hukunci. Wasu sun mutu da gaske, kamar na liƙin manyan kwamfutocin adana bayanai da ya ƙare a 2016. Na jan ƙarfe da na liƙi mai jure zafi kuwa, sabunta su ake ta yi tun 2006.

Sin da wasu ƙasashe sun kafa dokokinsu a kan wannan sawu, shi ya sa wayar da ke hannunmu ta fi ta zamanin baya ƙarancin dalma nesa ba kusa ba. Amma shaidar bin doka a jikin kwali ba ta nufin babu dalma a ciki, kuma tsofaffin kayan da ake sauke mana daga waje wasunsu sun girmi dokar. Masu gyaran waya da masu fasa kayan bola, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, kuma a nisanta yara daga wurin aiki.