Hoton Bango da Ɓarayin Zaune: Labarin William Hogarth da Allunansa

A ƙasar Ailan, cikin gundumar Kildare, akwai wani katafaren gida mai suna Castletown wanda aka soma gininsa a 1722. Mai ziyara yakan wuce manyan zaurukan gidan har ya isa wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da hotunan takarda, baƙi da fari, manya a tsakiya ƙanana a gefe, an manne su da bango kai tsaye ba gilashi ba katako. Uwargidan, Louisa Conolly, ita ta tsara ɗakin a wajajen 1768. Ta daɗe tana tara hotunan, har takan rubuta wa 'yar uwarta da ke Ingila ta nemo mata wasu. Irin wannan ado shi ake yayi a gidajen masu hali na wancan ƙarni, domin kuwa zanen hannu na wani gwani kamar Rembrandt guda ɗaya ne tak a duniya, amma hoton da aka buga daga gare shi ana iya samunsa a shago.

To, a nan matsalar take. Idan mutum ya shiga shagon hotuna a Landan a wancan lokaci, ya ga takardu biyu masu ɗauke da hoto iri ɗaya, ɗaya da tsada ɗaya da araha, ta yaya zai san wanda ya dace da bangon ɗakinsa? Kafin a amsa, tilas mai karatu ya san yadda ake yin hoton.

Ana samun allon jan ƙarfe mai santsi, gwani ya ɗauki wani ɗan ƙarfe mai kaifin baki ya yi ta tsaga layuka a jikinsa, dubbai, wasu masu zurfi wasu kamar gashi, har siffar ta fita. Aikin allo guda yakan ci watanni. Sai a shafa tawada ta cika tsagogin, a goge saman allon tas, a shimfiɗa takarda mai damshi, a tura su cikin injin matsi. Takardar ta tsotso tawadar da ke cikin tsagogin, hoto ya fito. Sai dai jan ƙarfe ba shi da tauri. Kowace goga da kowane matsi suna cin fuskar allon kaɗan kaɗan, siraran layukan nan su ne ke fara ɓacewa, kuma su ne ke ba fuska rai, su ne ke nuna inuwa da haske. Saboda haka bugun farko yakan fito baƙi wuluk mai kaifi, bugun da aka yi bayan allon ya gaji kuwa ya fito fari fat kamar tsohon zane da ya sha wanki. Allo ɗaya, sunan mai zane ɗaya, amma kaya biyu ne daban.

Wannan matsala ce ta masu gaskiya. Ta marasa gaskiya ta fi muni, kuma babu wanda ya ɗanɗana ta kamar William Hogarth.

An haifi Hogarth a Landan a 1697, ya koyi sana'a a wurin mai zane a jikin kayan azurfa, daga baya ya koma zanen fenti. A 1732 ya fitar da jerin hotuna shida mai suna A Harlot's Progress, labarin wata yarinya da ta zo birni daga ƙauye, ta faɗa hannun magajiya, ta bi ta gidan yari, ta ƙare a makara. Labari ne cikakke ba tare da rubutu ba, kuma ni a ganina duk marubucin da ya zauna ya duba yadda mutumin nan ke sanya ƙaramin abu a lungun hoto ya faɗi abin da shafi guda ba zai faɗa ba, zai ƙaru. Hogarth bai kai aikin wurin masu shaguna ba. Ya buɗe rajista, mai so ya biya kafin a buga, a kan gini ɗaya, wato fam ɗaya da sule ɗaya. An buga jeri 1,240, kuma ya yi wa masu sayen alkawarin ba zai ƙara bugawa ba.

Ba a ɗauki lokaci ba sai ga hotunan sun cika shaguna, ba daga hannunsa ba. Masu shagunan sun ɗauki ƙananan masu zane haya sun kwafe su cikin gaggawa a kan wasu alluna, ana sayarwa da arha. Babu abin da zai iya yi, domin dokar haƙƙin mallaka ta 1710, wadda aka yi a zamanin Sarauniya Anne, littattafai kawai ta kare, ba ta ambaci hoto ba. Abin da ya iya shi ne ya ba wani mai zane, Giles King, izinin yin kwafi mai rahusa, ko ya rage wa ɓarayin kasuwa. 'Yan uwa marubuta da suka taɓa ganin littafinsu a kasuwa da bangon da ba su san da shi ba, ba sai an yi musu bayanin yadda ransa ya kasance ba.

Hogarth bai tsaya kuka ba. Ya haɗa kai da wasu abokan sana'arsa suka kai koke majalisar dokoki, aka yi doka wadda har yau ake kira da sunansa, ta fara aiki a watan Yuni na 1735. Ta ba wanda ya ƙirƙiri hoto ikon bugawa shi kaɗai har shekara 14, bisa sharaɗin a rubuta sunan mai shi da ranar fitarwa a jikin allon, su fito a kowace takarda. A lokacin ya riga ya gama sabon jeri mai hotuna takwas, A Rake's Progress, labarin magajin wani marowaci da ya ɓarnatar da dukiya ya ƙare a gidan mahaukata, amma ya riƙe shi har doka ta tsaya. Duk da haka sai da aka yi masa shigo-shigo ba zurfi: masu shaguna suka riƙa turo mutane gidansa kamar masu son yin rajista, su ƙare wa zanen kallo, su koma su zana abin da suka tuna, aka riga shi fita kasuwa da gurgun kwafi. Nasa ya fito ranar 25 ga Yuni, 1735, da kwanan watan a ƙasan kowane hoto. A wannan karon ma ya ba Thomas Bakewell izinin ƙananan kwafi a kan sule biyu da sisi.

Ɗan layin rubutun nan na ƙasan hoto shi ya zama abin da mai saye ke fara dubawa. Amma kada mai karatu ya ɗauka magana ta ƙare a nan, domin layin yana faɗin ranar da aka fitar da allon ne, ba ranar da aka buga takardar da ke hannunka ba. Shi kansa Hogarth ya sake buga hotunan yarinyar nan a 1744, duk da alkawarin da ya yi, sai dai ya sanya ɗan gicciye a ƙasan kowane allo domin a bambanta sabon bugu da na masu rajista. Wannan aƙalla ya yi adalci.

Da ya rasu a 1764, allunan suka koma hannun matarsa Jane, su ne abincinta. Wa'adin kariyar tsofaffin ayyukan ya riga ya ƙare, masu kwafi suka sake dawowa, ita ma ta kai kuka majalisa. Dokar 1767 ta ƙara wa'adin kowa zuwa shekara 28, ta kuma ba ta ita kaɗai shekara 20 a kan ayyukan mijinta. Bayan rasuwarta a 1789 'yar uwarta Mary Lewis ta gaji allunan, ta sayar wa babban ɗan kasuwar hotuna John Boydell, shi kuma ya fitar da bugunsa a 1790. Daga baya suka faɗa hannun kamfanin Baldwin, Cradock da Joy, aka ba wani gwani, James Heath, ya sake bin layukan da suka shafe ya zurfafa su, aka fitar da babban bugu a 1822. Lissafa ka gani: allon da aka tsaga a 1735 yana ta shan matsi bayan shekara 87, hannun wani ya bi ta kan hannun mai shi, amma sunan Hogarth da tsohon kwanan watan suna nan daram a ƙasa. Da yawa daga hotunan Hogarth da ke yawo a shagunan tsofaffin kaya a yau daga irin waɗannan bugu na baya suke. Ba jabu ba ne, amma ba su ne abin da idon mutumin ya gani ya amince da shi ba.

Shi ya sa masu neman hoton ƙwarai domin ƙawata gida suka koyi duba takardar kanta. Ana ɗaga ta a haske: tsohuwar takardar zamanin Hogarth tana da layuka a jikinta, sawun wayoyin rariyar da aka yi ta a kai, takarda mai santsi marar layi kuwa sai a shekarun 1750 James Whatman ya soma yin ta a Ingila, kuma ta ɗauki lokaci kafin ta yaɗu. Ana shafa gefen hoton a ji ɗan kwarin da bakin allon ya bari lokacin matsi. Ana duba wurare masu duhu, a ga ko baƙin ya cika ko ya yi toka-toka. Wanda aka buga da injin zamani kuwa, da an ɗora masa madubin ƙara girma sai a ga ɗigo-ɗigo a jere maimakon layi.

'Yan kasuwa ma sun gane cewa bugun farko kuɗi ne. Suka riƙa cire wasu takardu kafin a rubuta suna a allon, su sayar da tsada a matsayin gwaji, wasu kuma suka riƙa ƙara yawan gwajin fiye da yadda suka faɗa. Abin ya yi yawa har a 1847 aka kafa ƙungiyar masu sayar da hotuna a Landan, wadda ke buga hatiminta a kan takardun gwaji bisa adadin da aka bayyana. A ƙarshen shekarun 1850 kuma aka gano dabarar lulluɓe allon jan ƙarfe da siririn rufin baƙin ƙarfe ta hanyar lantarki, allo ya daina saurin gajiya.

Su kuwa matan da suka yi ɗakuna irin na Castletown, abin da ya dame su shi ne hoto ya zauna daidai a gurbinsa. Sukan sa almakashi su datse gefen takardar, wani lokaci har da layin sunan da kwanan watan da Hogarth ya yi fafutuka a kansu, su manna, su kewaye shi da ƙawar takarda da aka saya daban. Ɗakin Louisa Conolly shi kaɗai ne irinsa na ƙarni na 18 da ya rage a Ailan, kuma gidan yana hannun gwamnatin ƙasar tun 1994.