HALBIN FAIFAI DA HALBIN DAJI: TARIHIN BAKA A ƘASARMU

A wannan fitowa za mu waiwaya baya mu yi magana a kan kwari da baka, abin da yau ba safai ake ganinsa ba sai a hannun makiyayi, ko kuwa rataye a ɗakin tsoho ƙura ta rufe shi. Dalilin tayar da maganar shi ne, yaranmu da ke birane suna kallon Turawa da mutanen Koriya a talabijin suna halbin faifai a wasannin Olimfik, har wasunsu na cewa wannan shi ne halbi na ƙwarai, namu na da kuwa aikin ƙauye ne. To, bari mu bi abin daki-daki mu ga inda gaskiya take.

HALBI IRI BIYU

Shi halbin faifai, a fili shimfiɗaɗɗe ake yinsa. Mutum ya tsaya kan layi, a kafa masa faifai mai faɗin santimita 122 a nisan mita 70, an zana masa zobba goma cikin launi biyar, ya yi ta sakin kibiya daga wuri guda. Nisa ba ya sakewa, ƙasa ba ta sakewa, iska ce kaɗai ke ba shi wahala. Ƙungiyar duniya mai kula da wannan wasa an kafa ta a 1931 a ƙasar Polan, kuma tun daga wasannin Munik na 1972 ba a sake fid da shi daga Olimfik ba. Babu mai raina shi, domin yana gyara tsayuwa, da jan tsirkiya, da natsuwa.

Amma su kansu Turawan, da yawansu sun gaji da tsayuwa wuri ɗaya, sai suka koma daji. A Amurka an kafa ƙungiyar masu halbin daji a 1939, aka kuma yi gasar duniya ta farko a 1969. Yadda ake yi shi ne, a warwatsa faifai 24 cikin itatuwa da tudu da kwari, masu halbi su bi su da ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya saki kibiya 3 a kowane. Wani faifan ƙarami ne mai santimita 20, wani ya kai 80. Wani yana kusa kamar mita 5 ko 10, wani ya kai 60. A rana guda akan rubuta nisan, a wata ranar kuwa ba a faɗa wa kowa, sai mutum ya auna da idonsa. Akwai ma rukunin masu baka tsura, wadda ba a ɗaura mata abin saiti ba.

Nan ne gwanin faifai ke gane kurensa. Inuwa takan sa abu ya yi kamar ya fi nisa. Rami tsakaninka da abin da kake bara yakan ruɗi ido. In kana halbi daga tudu zuwa gangare, ko daga kwari zuwa tudu, ka auna kamar a fili, kibiya sai ta bi ta sama. Ga ƙafa ɗaya bisa, ɗaya ƙasa, ga reshe ya gitta. Duk dattijon da ya taɓa farauta, in ya ji wannan sai ya yi murmushi, don kuwa abin da Turawa suka ɗauka sauyin iska ne, shi ne abin da kakanninmu suka tashi a ciki.

YADDA BAKAR HAUSA TAKE

Bakar kakanninmu itace ce guda, da tsirkiya ta fata. Kibiya kuwa kyauro ne, maƙeri ya ƙera mata baki na ƙarfe mai kunnuwa, ba a ɗaura mata gashin tsuntsu a baya kamar ta Turawa. Saboda haka ba a dogara da ita daga nesa ƙwarai. Abin da ke cika mata aiki shi ne dafi, wanda ake dafawa da ƴaƴan kwankwani da wasu haɗe-haɗe da kowane gida ke ɓoye nasa. Likitoci sun tabbatar dafin kwankwani zuciya yake kamawa, shi ya sa ko ƙwarzane kibiya ta yi, sai dabba ta faɗi bayan ɗan gudu.

Tun da haka ne, gwanintar mahalbi ba ta tsaya ga hannu ba. Sai ya san sawu, ya san inda iska ta fito don kada nama ya ji warinsa, ya san sanɗa, ya matsa kusa, ya auna nisa cikin ƙiftawar ido, sa'an nan ya saki. Kibiya ɗaya gare shi, in ya kuskure barewa ba ta jiran ta biyu. Mahalba suna da shugabansu, Sarkin Baka, kuma ba a shiga farautar rani sai an yi buɗin daji. Yaro kuwa da ƙaramar baka yake farawa, yana bin ƙadangare da kurciya a bayan gari, yau a kan reshe, gobe a bakin rami. Wannan ita ce makarantarsu.

BAKA A ZAMANIN YAƘE-YAƘE

Mawaƙa sun fi yabon barade masu sulke da lifidi, amma mafi yawan mayaƙan da dakaru ne, kuma ƴan baka ne ƙashin bayansu. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo dawakinsu ba su wuce kamar 20 ba, ga rundunar Sarkin Gobir Yunfa da ƴan lifidi da Buzaye, amma ƴan baka suka tsaya suka karya dawakin. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Katsina kuwa tun 1807 ta fita hannun sarakunanta na da, Magajin Haladu ya ƙare a Ɗankama, Ɗan Kasawa ya ja sauran jama'a suka nufi Damagaram.

Wajen 1819 mutanen fadamar Maraɗi suka tashi a kan wakilin sababbin masu mulkin Katsina, suka kira Ɗan Kasawa ya zo ya zauna. A lura da wannan: waɗanda suka buɗe masa ƙofa manoma ne da mahalba, mazauna kurmin Gulbin Maraɗi. A wancan zamani gulbin nan duhuwa ce, itatuwa sun haɗe kai, ga sarƙaƙiya, doki ba ya iya sukuwa ciki. Mai baka kuwa ya san kowace hanya, yana ganinka ba ka ganinsa.

A 1836 Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka fita suka gamu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke, can Gobir Tudu, aka ci su da yaƙi, su biyun duka suka kwanta dama. Waɗanda suka tsira gulbi suka komo. Mayaƙi ɗan Yakuba ya kafa Tibiri, kusa da Maraɗi, a zamanin Ɗan Mari, kuma Tibirin nan ita ce yau ke cikin gundumarmu ta Gidan Rumji. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, an sha kawo wa garuruwan biyu yaƙi, amma ba a tumɓuke su ba. A zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta fiye da shekara 20, su ne ma ke kai hari kudu.

Ta gabas kuma, Baturen nan ɗan Jamus mai yawon duniya, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Gazawa cikin Janairu 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Katsina. Ya iske Gazawa kewaye da kafi mai ƙarfi da gwalalo, domin ita ce garin bakin iyaka, daga ita sai dajin da ya raba ta da Katsina, inda ya wuce kangon Ɗankama. Gari irin wannan, mai baka a bayan kafi shi ne ke sa mata da yara su yi barci.

Ko a Ingila haka abin yake. A 1363 Sarki Edward na uku ya yi doka maza su riƙa koyon halbi ranakun hutu, kuma ƴan baka ne suka karya baraden Faransa a Ajinkur a 1415. Bayan halbin tudun ƙasa a bakin gari, mutanen Landan sukan fita filayen Finsbury suna tafe suna halbin turaku da duwatsu, wani kusa wani nesa, don sun san abokin gaba ba ya tsaya maka kan layi.

YADDA BAKA TA KWANTA

Abu uku suka kwantar da ita. Na farko bindigar Nasara. A 1899 rundunar Bule da Shanuwan, wato Voulet da Chanoine, ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone-ƙone. Sarauniya Mangu ta tare su a Lugu cikin Afrilu da ƴan bakanta, suka wuce Birnin Ƙonni cikin Mayu suka yi ɓarna mai yawa, har suka iso wajenmu suka yi wa Koran Kalgo kisan gilla. A Ɗankori suka harbe Kanar Klobb ran 14 ga Yuli, bayan kwana biyu zuwa uku sojojinsu suka kashe su a wajen Maijirgi. Mutanenmu ba su rasa zuciya ba, amma kibiyar da ke bukatar a matsa kusa ba ta da ta cewa gaban bindigar da ke kashewa daga inda ido bai kai ba. Haka aka sake gani a Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906.

Na biyu gatari. Da aka daina yaƙi, mutane suka fito daga bayan kafi suka kafa tungaye da gidajen gona, ga haraji sai da kuɗi, ga kuɗi sai da gyaɗa. Aka yi ta sassabe har kurmi ya zama gona. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage. Inda babu daji babu nama, inda babu nama mahalbi ya zama mai ba da magani kawai.

Na uku doka. Namun daji sun yi ƙaranci har ya zama tilas hukuma ta tsare su, kuma dokar ran 29 ga Afrilu 1998 ta shimfiɗa sharuɗɗan farauta da kare namun. Wannan daidai ne, ba mu da ja. Raƙuman dawa 8 da aka ɗauko daga Kure aka kai gandun Gadabeji a 2018, ai abin murna ne ga jihar Maraɗi duka.

ABIN DA YA RAGE MANA

Ƴan'uwa, nama ya tafi, amma ilmin bai ƙarasa tafiya ba. Yana nan cikin kawunan tsofaffi ƙalilan, kuma duk wanda aka kai makwanci da nasa yake tafiya. Kokowa ma da wasan dandali ce bayan girbi. Da aka tsara mata gasar ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, ga shi yau babu wasan da ya kai ta tara jama'a a Nijar. Abin da aka yi wa kokowa ana iya yi wa baka, kuma halbin daji ya nuna hanya, tun da ba a kashe ko ɓera a cikinsa.

Wurin yi ma Allah ya maido mana. Tun wajen 1983 manoman Maraɗi suka kama sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya girma, har ƙauyuka irin Ɗan Saga a ƙasar Agye suka yi suna a duniya. Yau gonakinmu akwai gawo da kalgo da sabara da aduwa, ga tudun rairayi, ga gaɓar gulbi.

Shawarar da muke kawowa ita ce, da rani, bayan an kwashe amfanin gona, lokacin da ƴan ci-rani da mazauna birni ke zuwa gida, a zaɓi rana guda. A cika buhuna goma ko goma sha biyu da ƙaiƙayi, a ajiye wani gindin itace, wani kan tudu, wani cikin kwazazzabo, kada a faɗa wa kowa nisan. Maƙera su ƙera kibau marasa kunne, dafi kuwa kada ya kusanci wurin. A tabbata babu hanya, ko rijiya, ko dabba a bayan kowane buhu, a kuma sa manya su tsare yara. Tsofaffin mahalba su ne alƙalai, su ne malamai. Ɗalibanmu su zo da takarda da wayar ɗaukar murya, su rubuta sunan kowane itace da ake sassaƙa baka da shi, da yadda ake murza tsirkiya, da yadda ake karanta sawu. Mazauna birni kuma su ɗauki nauyin goro da ɗan tukuici, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai gargaɗi guda. Kowa ya san halin da bakin iyakarmu ke ciki, musamman tun 2019 da ƴan gudun hijira suka shigo ƙasar Gidan Rumji saboda ɓarayin daji. Kada wani matashi ya ɗauka baka za ta tare mai bindiga, darasin 1899 ya ishe mu. Wannan wasa ne da adana tarihi, don haka kafin a ja tsirkiya ko ɗaya, a sanar da maigari, da hakimi, da jandarma, da ma'aikatan gandun daji, a yi shi kusa da gari da rana tsaka.

Wanda ya koyi halbin faifai a birni, madalla, ya zo da gwanintarsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya tsaya gefen kakansa a gindin gawo, a nuna musu buhu can ƙetaren rami, a ga wanda idonsa ya fi sanin nisa.

Duk dattijon da ke da labarin ƴan bakan garinsu, ko tsohuwar baka da kwari a ɗaki, muna roƙo ya aiko mana ta hannun wakilin unguwarsu, mu buga a fitowa ta gaba. Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Wassalam.