Kiredit 15: Matsayin Darussan Gama-gari ga Ɗaliban Sana'a a Kwalejojin Al'umma na Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi darussan gama-gari da ake wajabta wa masu koyon walda, kanikanci da aikin wuta a kwalejojin al'umma na Amurka, ta hanyar nazarin ƙa'idojin tantancewa da dokokin jihohi. Ta nuna cewa darasin da ya fi kusa da sana'ar ɗalibi, sau da yawa shi ne jami'a ke ƙin karɓa.

1.0 Gabatarwa

Da aka kafa kwalejin Joliet a jihar Illinois a 1901, aikinta shi ne shirya ɗalibai shekara biyu su wuce jami'a. Koyon sana'a ya samu gindin zama ne daga baya, musamman bayan rahoton kwamitin Shugaba Truman na 1947 da dokar ilimin sana'a ta 1963. Brint da Karabel (1989) na ganin shugabannin kwalejojin ne suka ingiza wannan sauyi, alhali su ɗaliban kuwa jami'a suke hange.

2.0 Abin da ƙa'ida ta tanada

Digirin sana'a na shekara biyu, wato AAS, yakan ci kiredit 60 ko fiye. Hukumar SACSCOC mai tantance kwalejojin jihohin kudu ta ce aƙalla 15 daga ciki su zama na gama-gari, a ɗauki kwas ɗaya ko fiye daga kowane ɗaya cikin rukunai uku: adabi da fasahohi, ilimin zamantakewa, sai kimiyya ko lissafi. Wanda ya yi GNS a kwalejin kimiyya da fasaha a Nijeriya ya san irin wannan tsari. Hukumar ta kuma gindaya sharaɗi: kada kwas ɗin ya taƙaita ga dabarun sana'a guda.

A nan gizo ke saƙa. Lissafin da mai walda ke buƙata na kusurwa ne da awon ƙarfe. In aka koya masa shi haka, ya gane, ya ci jarrabawa, amma jami'a na iya ƙin lissafa masa shi in ya nemi ci gaba. In kuwa aka ba shi aljabara tsantsa, kiredit ɗin zai bi shi, sai dai da yawa a nan suke tsayawa. Ga kuma tazara: Texas na buƙatar kiredit 42 na gama-gari ga digirin farko a jami'o'in gwamnati, don haka mai 15 na da sauran 27 a gabansa.

3.0 Martanin jihohi

Florida a 2013 ta sassauta tilascin darussan share fage da ake sa ɗalibi ya yi kafin ya shiga darussan kiredit, California kuma ta bi da dokar AB 705 a 2017, wadda ta sa a duba sakamakon sakandare wajen ajiye ɗalibi a ajin Ingilishi da lissafi. Dokokin biyu sun rage jira.

A ganin mai wannan nazari, shirin I-BEST na jihar Washington ya fi kusantar matsalar. Malami biyu ke shiga aji ɗaya, na sana'a da na karatu da lissafi, ɗalibi ya koyi rubuta rahoto a kan injin da ya kwance da hannunsa. Cikas ɗinsa kuɗi ne, domin albashi biyu ake biya a kan aji guda.