Gayyar Littafi: Tarihin Ƙungiyoyin Tallafa wa Laburare da Darasinsa ga Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a garuruwan ƙasar Hausa ya saba jin an kafa gidauniya don gina masallaci, ko makarantar Islamiyya, ko katange maƙabarta. Amma da wuya ya ji an kafa ta don ɗakin karatu na jama'a, wato laburare. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun dalilin haka ta fuskar tarihi. Za a duba yadda ƙungiyoyin sa kai masu tara wa laburare kuɗi suka samo asali a ƙasashen waje, da yadda laburare ya shigo Arewa, sannan a auna abin da ƙasar Birnin Gwari, inda yau buƙatar ta fi tsanani.

2.0 Asalin ƙungiyoyin a ƙasashen waje

A shekarar 1913 aka kafa ƙungiyar aminan babban laburaren ƙasar Faransa a birnin Paris. A Amurka kuwa, ana ɗauka cewa ta farko da ta ɗauki wannan suna ita ce ta garin Glen Ellyn a Jihar Illinois, a 1922. Ingila ta samu tata ta ƙasa baki ɗaya a 1931. Aikinsu bai wuce abu uku ba: karɓar kuɗin wata ko na shekara daga 'yan ƙungiya, da tara tsofaffin littattafai a sayar, da matsa wa hukumar gari lamba kada ta rage kason laburare. Ba su biyan albashin ma'aikata, domin wannan nauyin hukuma ne.

Abin lura shi ne, ƙungiyoyin sun tsiro ne a inda mutane suka riga suka ɗauki laburare a matsayin nasu. Alal misali, attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da kuɗin gina laburare 2,509 tsakanin 1883 da 1929, amma da sharaɗi. Sai gari ya ba da fili, ya kuma yi alkawarin kashe kwatankwacin kashi goma cikin ɗari na kuɗin ginin kowace shekara wajen gudanar da shi. Ke nan tun ranar da aka aza harsashi, mutanen gari sun san da guminsu a ciki.

3.0 Shigowar laburare Arewa

Hausawa ba baƙin littafi ba ne. Tun kafin zuwan Turawa malamai suke tara littattafai a gidajensu, almajirai suna ara suna kwafa da hannu, wani kuma ya bar nasa waƙafi bayan ransa. Taskar Wazirin Sakkwato Junaidu shaida ce a kan wannan gado. Sai dai waɗannan taskoki na gida ne, mai su ya san wanda yake ba aro.

Laburaren boko kuwa ta wata ƙofa dabam ya shigo. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta sa En'e-En'e su buɗe ɗakunan karatu, musamman don baza labarin yaƙi kamar yadda Ingila take so a ji shi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, tana cikin manyan abubuwan da ake karantawa a cikinsu. A 1952 aka kafa babban laburaren Jihar Arewa a Kaduna, yana aika wa ɗakunan karatun En'e akwatunan littattafai. A 1963 F. A. Sharr, wani masani daga Ostireliya, ya rubuta rahoto kan buƙatun Arewa ta fannin laburare. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 aka rarraba aikin ga jihohi shida, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e ɗungurungum.

A duk waɗannan matakai, umurni daga sama yake zuwa. Ba a nemi talaka ya kawo fili, ko tubali, ko kwabo ba. Saboda haka ɗakin karatu ya shiga sahun kotu da baitulmali, wato kayan hukuma, waɗanda in sun lalace ba ruwan kowa. Hausawa dai sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ko 'yan bokon farko da suka kafa ƙungiyoyin tattaunawa, irin ta Bauci a 1943 wadda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke ciki, hankalinsu ya fi karkata ga gyaran mulkin En'e, daga nan kuma siyasa ta ɗauke su.

Kada a ce wai Bahaushe ne ba ya kashe kuɗi don karatu. Daga wajejen ƙarshen shekarun 1980 marubutan Kano, ta ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, shagunan hayar littafi kuma suka bunƙasa a unguwanni, mata da samari suna biya su karanta su mayar. Haka nan a Timbuktu ta ƙasar Mali, iyalai masu taskokin rubuce-rubucen hannu sun haɗu sun kafa ƙungiyar SAVAMA-DCI a 1996, kuma ita ta jagoranci kwashe dubban littattafai a ɓoye zuwa Bamako sa'ad da 'yan tawaye suka mamaye garin a 2012. Abin da mutane suka san nasu ne, suna tsare shi.

4.0 Halin Birnin Gwari

A zamanin Turawa Birnin Gwari gunduma ce mai cin gashin kanta a Lardin Zazzau. Tana kimanin kilomita 120 yamma da Kaduna, kuma ko a lokacin zaman lafiya nisa da daji kan sa abin da aka raba a hedkwata ya iso ta a makare. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe a 1936 aka kuma mai da shi gandun ƙasa a 1999, ya zama mafakar 'yan bindiga a shekarun 2010. Hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, ƙauyuka suka watse, makarantu da dama suka rufe. A watan Maris na 2021 aka sace malamai a makarantar firamare ta Rama. Kasuwar shanu ta garin ta yi shekaru a rufe, sai a watan Nuwamba na 2024 aka sake buɗe ta bayan wani sulhu.

Wannan masifa ta bar tabo har a harshe. Asalin ma'anar “sa kai” ita ce mutum ya shiga aikin alheri ba tare da an tilasta masa ko an biya shi ba. Yau kuwa in aka ce 'yan sa kai a wannan yanki, mai bindiga ake nufi. Haka karo-karo, wanda a da ake yi don biki ko gyaran rijiya, ya koma na kuɗin fansa. Wato dabarar tara kuɗi ba ta ɓace ba, ƙaruwa ma ta yi, sai dai tsoro ne yake juya akalarta.

Ga shi kuwa akwai yara da suka yi shekaru ba su shiga aji ba, da yawansu sun yi ƙaura da iyayensu zuwa cikin gari. Yaron da ya kai shekara goma sha biyar yakan ji kunyar zama aji uku da ƙannensa, amma ba zai ji kunyar shiga ɗakin karatu ba, domin a can babu aji, babu jarrabawa.

5.0 Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna cewa ƙungiyar aminan laburare ba ta kafuwa da umurnin ofis. Tana kafuwa ne in mutane sun sa hannu tun farko. Ba sai an kwaikwayo sunan Turawa ba, tun da muna da gayya, da adashi, da waƙafi, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari, irin ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari da aka sani da BEPU. Abin da ya kamata a aro shi ne sharaɗin Carnegie, amma a juya shi: jama'a su kawo ɗaki da littattafai, na boko da na ajami da na Larabci, ƙaramar hukuma kuma ta ɗauki albashin ma'aikaci da gyaran gini a rubuce. Wajibi ne kuma a riƙa karanta lissafin kuɗin a bainar jama'a, kamar yadda ake yi wa gidauniyar masallaci bayan sallar Juma'a. In ba haka ba, za a sake samun wani ɗakin da kowa zai wuce ya ce na gwamnati ne.