Daga Salaga Zuwa Aboabo: Tarihin Kasuwar Da Ta Ciyar Da Mu



Da kwamitin biki ya ɗora wa ofishin magatakarda rubuta tarihinmu, mun ɗauka jerin sunayen shugabanni za mu kawo da shekarun da kowa ya yi. Sai wani daga cikin iyayen ƙungiya ya ce mana: "Yara, in tarihi kuke nema, ku je Aboabo da asuba ku ga abin da mutane ke karyawa da shi." Muka bi maganar baba, kuma ba mu yi da-na-sani ba.

Kafin rana ta fito mai koko ta riga ta kafa tukunyarta a bakin tasha, ƙanwarta tana gefe tana suyar ƙosai. Benci ɗaya ya ɗauki direban da ya kwana a hanya daga Bawku, da yaron motarsa, da dillalin doya, da 'yan mata masu dako sun jingine kwanukansu. Wannan ya ce "Dasiba," a amsa masa "Naa." Wancan ya ce "Ina kwana," Bazabarme ya ce "Fofo." Kowa da harshensa, amma abin da ke cikin kofi sunansa ɗaya. Duk faɗin Gana, har Ankara da Takoradi, wannan kunun gero mai citta da kanumfari da barkono "Hausa koko" ake ce masa. Ƙosai ya zama "koose." Shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi da kanwa ta zama "waakye," wato wake. Tuwon zafi ya zama "tuo zaafi," fura ta zama "fula," masa da ƙuliƙuli kuwa ko suna ba su sauya ba. Ƙafa ce ta kawo waɗannan sunaye, ƙafar fatake.

Fataucin Gwanja

Tun Tamale ba ta zama birni ba kakanninmu suke ratsa wannan ƙasa. A ƙarni na 19 babbar kasuwar yankin nan ita ce Salaga, a ƙasar Gwanja. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato a ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, da jakuna ɗaruruwa. Su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi, sannan su sauka Salaga bayan watanni a hanya. Suna kawo kanwa, da tufafin rini, da jemammun fatu, da dabbobi, da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Su koma da goron da ake haurowa da shi daga dajin Tonawa. Wanda ke dakon albasar Galmi a yau ya sani ba shi ya fara ba. Sai dai ba za mu ɓoye ba, a wannan kasuwa an sayar da 'yan Adam, kuma zuriyar waɗanda aka sayar suna nan muna cin kasuwa ɗaya da su. Tarihin da aka cire wa ɗacinsa ba zai yi magani ba.

Duk inda ayari ya yada zango, wasu kan zauna. Kalmar da a can gida take nufin masaukin dare ɗaya, a nan ta zama sunan unguwa, har ta zama sunan jama'a.

Salaga ta fara tangaɗi a 1874, da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, hanyar goro ta rikice. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke a kan sarauta, garin ya watse. Fatake da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi da Kintampo da Yeji da Kumasi. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, mashahurin malami kuma marubucin waƙoƙi, wanda ya zauna a Kete Krachi har rasuwarsa a 1934. Ita ma Yandi ba ta tsira ba. Jamusawa sun yaƙi Dagwamba a Adibo a 1896, kuma a 1899 suka raba ƙasar da Ingila, Yandi ta faɗa hannun Jamus. Ba a sake haɗe ƙasar Dagwamba ba sai da yaƙin duniya na farko ya kori Jamusawa.

Kasuwa ta riga bariki

A 1907 Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Gambaga suka kawo Tamale. Ba fili suka tarar ba. Akwai ƙauyukan Dagwamba, akwai kasuwa, akwai kuma mai kula da ita. Da Dagwambanci kasuwa ita ce "daa," babba kuma "kpema," shi ya sa sarautar Dakpema take nufin dattijon kasuwa. Kasuwannin wannan yanki suna ci ne bayan kwana shida shida, suna zagayawa tsakanin Tamale da Savelugu da Kumbungu da Tolon da Nyankpala. Har gobe wannan lissafi yana aiki. Ko da yake yanzu kullum ana ciniki a Tamale, kowa ya san ranar kasuwa daban take, don ita ce ranar da manomi da matarsa suke shigowa da kansu, ka sayi hatsi daga hannun wanda ya noma shi.

Da bariki ta kafu, sai soja da leburori da akawuna suka cika gari, kuma kowa yana da baki. Fataken da Salaga ta watsar, da sababbin zuwa daga ƙasar Hausa da ta Zabarma da ta Mosi, suka sami wurin zama. Masu ƙasa suka ba su fili, zango ya tashi. Badagwambe ya kawo doya da dawa da gero da gyaɗa da kaɗanya, baƙo ya kawo kanwa da goro da gishiri da yadi. Har harsuna suka yi musaya: da Dagwambanci ma "shinkaafa" ake cewa.

Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne maigida. Falke ya iso gari bai san kowa ba, bai jin harshe, kayansa kuma na lalacewa ne. Maigida ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi, ya karɓi la'adarsa in an sayar. Amma kafin a kwance ko da igiya ɗaya, sai an fito wa baƙo da ruwa da tuwo daga cikin gida. Matan gidan su ne masu wannan aiki, kuma daga nan sana'ar abinci ta fito waje: abin da ake dafa wa baƙi aka ƙara masa hannu, yara suka ɗauka talla zuwa kasuwa. Mai kokon da muka tarar da asuba, wannan gado take riƙe da shi.

Shekarun wuya

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Mutanen da aka haifa a nan, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Tawa ba, suka tsinci kansu a bayan manyan motoci. An sayar da rumfuna da gidaje a wulaƙance. Baban da ya tura mu Aboabo ya ba mu labarin mahaifinsa, wanda ya bar buhunan gero a hannun wata Badagwambiya mai tuwo da yake ci a wurinta kullum. Babu takarda, babu shaida. Bai dawo ba sai bayan an hamɓarar da gwamnatin a 1972. Da ta gan shi sai ta ce ya zauna ya ci tukuna. Da ya wanke hannu ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin tsumma, kuɗin geronsa ne cif. Da wannan ƙulli ya sake kafa jari, kuma jikokinsa suna cikin masu karanta wannan takarda.

Bayan wannan sai zamanin "kalabule" da ƙayyade farashi, lokacin da ɗan kasuwa ya zama abin zargi. A 1979 soja suka rushe kasuwar Makola a Ankara, tsoro ya kama kowace kasuwa a ƙasar. A 1983 fari da gobarar daji suka cinye amfanin gona, a shekarar kuma Najeriya ta koro 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya. Abin da aka yi wa namu a 1969 aka yi wa nasu, talaka ne ya sha wuya a duka biyun. Korar 1983 ta faru alhali an kafa ECOWAS tun 1975, an kuma sa hannu a kan yarjejeniyar zirga-zirga a 1979.

Hanya ma ta sauya. A da, motar Kumasi ta Yeji da Salaga take biyowa. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya malale, ƙetarewa ta yi wuya, sai manyan motoci suka koma bin Kintampo da Buipe da Yapei. Salaga ta koma gefe, Tamale ta zama mahaɗa. Kuɗi ma haka: daga wuri zuwa sule da fam, zuwa sidi a 1965, zuwa sabon sidi na 2007 da ya share sifiri huɗu. Shi ya sa har yau za ka ji inna mai doya tana kiran miliyan, sabon zuwa ya zare ido.

Kasuwar yau

Baƙin da suka zo mana biki, ga yadda abin yake. Babbar kasuwa tana tsakiyar gari kusa da babban masallaci, can ake samun yadi da batakari da kayan miya da kayan aure. Aboabo kuwa, tafiyar 'yan mintoci daga nan, ita ce ta sari: masara, gero, dawa, shinkafar gida, wake, waken suya, gyaɗa, kaɗanya da manta, da doya tsibi tsibi. In doya kake so ka tambayi laribako ko pona, sabuwa tana shigowa da tsakiyar damina. Hatsi ya fi araha da kaka. Da rani kuma tumatirin Burkina da albasar Nijar suke cika wuri. A yi gaisuwa kafin a taya, kuma a sani "albarka" ba kora ba ce, a nemi ragi, a nemi gyara.

Da rana a nemi tuwon zafi da miyar ayoyo da naman zabo, wadda aka sa wa daddawa, masu gari suna ce mata "kpalgu." A ɗanɗana wasawasa na garin doya, da tubani da mai da yaji, da soyayyen wagashi na Fulani. In rana ta take a kora da fura da nono. Da yamma mai tsire yana jiran kowa.

Abin da littafin ofis ya nuna

Yanzu ga maganar da ta sa muka yi wannan dogon zagaye. Mu ne ke rubuta ƙararrakin da ake kawo wa ƙungiya, kuma a 'yan shekarun nan mafi yawansu ba na manyan kuɗi ba ne. Mai abinci ce take zuwa da ɗan littafinta: motar wane ta kwana biyar yaransa suna ci, an sauke kaya, an tafi ba sallama. Yarinya mai dako ce aka ce ta dawo gobe, gobe ba ta zo ba. Wasu daga cikin matasanmu kuma sun daina sauka wurin kowa. A waya ake ciniki, a waya ake turo kuɗi, a sayar a kan mota a juya. Ba mu ƙi sauƙi ba, mu ma da wayar muke aiki. Amma ranar da aka tsare mota a shinge, ko mai saye ya kashe waya, sai a zo ofis ana neman wanda zai tsaya, alhali babu wanda ya san mutum a gari.

Kuma kada mu ɗauka shekarun wuya sun wuce. An rufe iyakokin ƙasa daga Maris 2020 har Maris 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 takunkumi ya tsayar da motocin albasa a hanya, kaya suka ruɓe, farashi ya tashi har Ankara. A Janairu 2025 Nijar da Burkina da Mali suka kammala ficewa daga ECOWAS. Hanyar gabashin Burkina kuwa, direbobinmu sun fi kowa sanin halin da take ciki. Sannan dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe sayar da kaya ɗai ɗai a kasuwa ga 'yan ƙasa, wanda ke nufin ɗan uwanmu na ƙetare ba shi da madogara sai abokin hulɗa na gari.

Don haka muna roƙon abu uku. Na farko, kowa ya gyara takardunsa, na ƙasa da na ƙungiya, tun ba a tambaya ba. Na biyu, duk mai shigo da kaya ya rubuta sunan maigidansa a ofis, ko da bai kwana a gidansa ba. Na uku, duk wanda ya san mai koko ko mai tuwo ko mai dako tana bin sa ko yaransa, ya biya kafin ranar walima. Ba daidai ba ne mu zauna cin shinkafar biki alhali kuɗin kokon bara yana wuyanmu. In wata rana iska ta sake juyawa, a hannun waɗannan mata za mu bar mabuɗanmu, kamar yadda iyayenmu suka yi.

 Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare na kan hanya, ya sa albarka a nema. Allah ya maimaita mana.

Daga ofishin magatakarda, Tamale.